Daga Daddara Zuwa Bakin Teku

Mu mutanen Daddara, a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da na kududdufi, da na gulbin da ya ratsa Jibiya ya nufi Maraɗi. Da rani gulbin ya kan zama rairayi, har yara su yi wasa a cikinsa. Saboda haka sa'ad da Kawunmu da ke zaune a Obalende ya aiko mu je Ikko mu yi hutun Ista tare da shi, ba abin da ke bakin yaranmu sai zancen teku. Wannan kuwa shekarun baya ne, tun Bar Beach tana nan.

Mun tashi a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Katsina ke hana barci a ɗaki. Tafiyar ta fi kilomita 1,000. Muka bi ta Funtuwa, muka ƙetare Kwara a Jabba, muka wuce Ilori da Badun. Zafin Ikko dabam ya ke da namu. Namu busasshe ne, nasu kuwa mai gumi, riga ta kan manne wa mutum a jiki tun da safe.

Ran Litinin bayan Ista mutanen Ikko su kan fita shan iska da iyalinsu. Kawu ya ɗebe mu sai tsibirin Biktoriya. Titin da ya bi bakin tekun sunansa Ahmadu Bello, abin da ya sa muka ji kamar muna da rabo a wurin. Tun ba mu ga ruwan ba muka ji rurinsa. Da muka hau tudun rairayi, sai kowa ya yi shiru. Ruwa ne har iyakar ganin ido, babu gaɓa a wancan hayi, ga manyan jiragen ruwa can nesa sun yi layi suna jiran shiga tasha. Wata ƙanwarmu ta ɗanɗana ruwan, ta tofar, ta ce, "Kawu, wa ya zuba masa gishiri haka?"

Jama'a kuwa sai ka ce kasuwar Jibiya ran Lahadi. Ga masu sayar da kwakwa suna sare kanta da adda, ga masu ɗaukar hoto, ga makaɗa, ga masu fararen riguna suna addu'a ba takalmi. Abin da ya ba mu mamaki shi ne yawan Hausar da muka ji. Masu tsire namu ne, masu ba da hayar dawaki kuma da yawa daga arewa su ke. Muka gaisa da wani mai doki, ashe mutumin wajen Maraɗi ne, maƙwabcinmu. Ya dubi samarinmu suna tuɓe riguna, ya ce wa Kawu, "Baba, ka ja musu kunne. Wannan ba gulbi ba ne. Inda suka ga ruwan ya kwanta lumui, nan ne mugun wuri."

Ƙaninmu, wanda ya fi kowa iyo a kududdufin garinmu, bai ji ba. Ya zaɓi daidai inda raƙuman ruwa ba sa fashewa, ya shiga har gwiwa. Rairayi ya zame daga ƙarƙashin ƙafarsa, kafin mu ce me, ruwa ya yi ciki da shi. Muna ganin kansa yana ƙoƙarin dawowa, amma sai ƙara nisa ya ke yi. Inna ta ɗora hannu a ka. Wani masunci ya faɗa ruwan, ya kamo shi. Bai nufo gaɓa da shi kai tsaye ba, sai ya ja shi gefe tukuna, sa'an nan raƙuman ruwa suka turo su waje. Yaron ya amayar da ruwan gishiri, ya zauna yana rawar jiki. Masuncin ko sunansa bai tsaya ya faɗa mana ba.

Ya kamata masu karatu su san dalilin wannan. Ruwan da raƙuma ke turowa gaɓa dole ya koma. Ya kan sami wata 'yar hanya tsakanin tuddan rairayi na ƙarƙashi, ya bi ta da gudu kamar kwata bayan ruwan sama. A sama wurin ya kan yi kamar ya fi ko'ina lafiya, gama raƙuma ba sa fashewa a can. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi, domin gajiya ce ke kashe mutum. Ya natsu, ya yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar. Wanda bai iya iyo ba, ruwa kada ya wuce masa idon sawu, ƙananan yara kuma a riƙe hannunsu.

Yau wanda ya je neman Bar Beach ba zai same ta ba. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa sun gina dogayen katangun duwatsu a bakin tashar jiragen Ikko. Katangun suka tare rairayin da ruwa ke kawowa daga yamma, sai teku ta yi ta cin gaɓar da ke gabas shekara da shekaru, har ta riƙa malalowa kan titin Ahmadu Bello. Daga 2008 aka shiga cike wurin da yashin da aka haƙo daga cikin teku, aka tare shi da katangar duwatsu, aka kafa sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Inda muka zauna muka ci tsire, yanzu benaye ne. Masu son shan iska sai su nufi wajen Lekki, inda a kan biya kuɗin shiga, ko su hau kwalekwale zuwa Tarkwa Bay.

Mu ma a gida mun ga abin da ruwa ke iyawa. Ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018 ta ci rayuka fiye da 40 a dare ɗaya. Ga kuma madatsar ruwa ta Jibiya kusa da mu, inda yara ke sha'awar wanka da bazara. Idan Allah ya kai ku bakin teku, ku je da iyalinku ku sha kallo, gama abin gani ne. Amma ku fara tambayar mutanen wurin inda a ke shiga da inda ba a shiga. Ƙaninmu yanzu magidanci ne, kuma duk yaron da ya gani ya nufi ruwa shi kaɗai, sai ya kira shi ya ba shi labarin masuncin nan.