Lambar Jinyar Baba

Mu 'yan zango mun san jinya da dubiya, da sannu, da kwanon koko da ake aikowa daga maƙwabta. Sai da na yi jinyar mahaifina a unguwar Bronx ta birnin New York na san cewa a Amurka jinya tana da lamba, kuma in lambar ta kauce, kulawar ma tana iya tsayawa.

Baba ya baro Kumasi da ƙuruciyarsa, ya tsufa a kujerar tasi. Da gaɓar kwatangwalonsa na dama ta cinye, aka sa masa ta ƙarfe. Bayan shekara 2 ƙwayoyin cuta suka kama wurin, har ba ya iya runtsawa. Likitoci suka cire ƙarfen, suka cike gurbin da wani siminti mai haɗe da magani, suka ce zai yi mako 6 ana ba shi magani ta jijiya kafin a duba yiwuwar sa masa sabuwa. Mutumin da bai taɓa rasa jam'in Asuba ba ya koma salla a zaune.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo: kamfanin inshora ya ƙi biya. Mai gashin ƙashin da ke zuwa gida ta daina zuwa. Na tafi ofishin kuɗi na asibitin raina a ɓace, wata dattijuwa ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundi mai suna ICD, wanda ya ba kowace cuta lamba, Amurka kuma tana aiki da nata faɗaɗɗen, ICD-10-CM, tun Oktoban 2015. A cikinsa Z47.1 ita ce kulawa bayan an sa wa mutum gaɓar ƙarfe, Z47.32 kuwa kulawa bayan an cire ta daga kwatangwalo. Akawu ya rubuta ta farkon. Da inshora ta gwada ta da rahoton likita ta ga ba su dace ba, sai ta rufe jaka.

Da na koma gida na faɗa masa, Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce, “Ashe a takarda na warke, Uwata? To, ki roƙe su su sanar da ƙafar.”

Sai da aka yi mako 3 ana buga waya kafin a gyara. A cikin makonnin nan ƙafar ta ƙara sandarewa, ba don mutanen masallacinmu da ke zuwa bayan La'asar suna ɗaga shi suna zaunar da shi ba, da abin ya fi haka muni.

'Yan'uwa masu jinya a ƙasar wani, ku nemi takardar majinyacinku, ku tambayi ma'anar kowace lamba. Matambayi ba ya ɓata. Baba ya tashi, yana takawa da sanda. 'Yar takardar da na rubuta masa Z47.32 tana nan a aljihun rigarsa tare da carbi, ya hana kowa jefar da ita.