Amsar Tambayarka Kan Shari'ar Leeds

Babana,

Ka tambaye ni ko adalci ne a ɗaure ɗan shekara 15, sa'anka, har shekara 20. Na san a makaranta ka ji labarin, tunda a garin da kake karatu abin ya faru.

Malama Ann Maguire shekararta 61, ta yi shekara 40 tana koyarwa a makarantar Corpus Christi, saura 'yan watanni ta yi ritaya. Ranar 28 ga Afrilu 2014, tana sunkuye tana duba aikin ɗalibai a ajin Sifaniyanci, yaron ya zo ta baya ya daɓa mata wuƙa sau 7. A Nuwamba ya amsa laifinsa. A dokar Ingila ta lokacin, daga shekara 12 ake fara lissafin mafi ƙarancin zaman kurkuku ga mai ƙarancin shekaru, amma alƙali Coulson ya kai shi 20, ya kuma ce mai yiwuwa ba zai taɓa fitowa ba. Yaron ya ɗaukaka ƙara a 2015, kotu ta ƙi ragewa.

Ni dai ban ga zalunci ba. Ba faɗa ne ya kaure zuciya ta ɗebe shi ba. Watanni ya yi yana ƙulla abin, har da kwalbar giya a jakarsa don yin murna, kuma bai nuna nadama ba. Duk da haka, in na tuna iyayensa, kuma yaron mai ƙoƙari ne a aji, sai jikina ya yi sanyi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abokansa. Ya faɗa a Facebook cewa zai kashe ta. Da safiyar ranar ya nuna wa wasu wuƙa. Wasu sun ɗauka cika baki ne, wasu tsoro ya kama su, babu wanda ya je ya faɗa wa malami. Ban zarge su ba, yara ne, kuma na san yadda kuke ƙin a kira ku 'yan gulma. To, Babana, in ka ji irin wannan magana daga bakin kowa, ko da cikin raha ne, ka sanar da malami a ranar. Su ce maka munafuki, ni na yarda.

Ummanka tana gaishe ka. Ta ce ka daina fita ba rigar sanyi.

Mahaifinka