Tawada Biyu, Baƙi Ɗaya

Duk mai zanen da ke haɗa alƙalami da kalar ruwa ya san tawada iri biyu ce, ko da yake a cikin kwalba ido ba ya raba su. Akwai wadda aka yi da rini, launin ya narke a ruwa ya zama ɗaya da shi. Irinta ake ɗura wa alƙalamin rubutu mai shan tawada, domin ba ta toshe masa hanya. Akwai kuma wadda garin baƙi ne zalla, irin na hayaƙin fitila, yana yawo cikin ruwa bai narke ba, an haɗa shi da abin da zai manne shi jikin takarda. Tawadar Indiya a wannan kaso take, kuma mai jure ruwa daga cikinta da shalak ake haɗa ta, wani danƙo da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a rassan itatuwa a Indiya da Tailan. Wannan in ta bushe, ta bushe ke nan, ka bi ta kanta da jiƙaƙƙen burushi yadda ka so. Ta farkon kuwa ko bayan shekara ka ɗiga mata ruwa, sai ta farka.

Na san duk wannan, har ma na sha koya wa wasu. Shi ya sa abin da ya faru ba ya da mafaka a wurin jahilci.

Wata mai buga littattafan yara ce ta ba ni aikin zane, ɗan littafi a kan sana'o'in Kano: rini, jima, ƙira, saƙa, dukanci. Na yi ta zirga-zirga da ƙaramin littafin zanena da fensir, na fi daɗewa a marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take aiki. Can na zauna kusa da wani dattijo yana tsoma yadi a karofi yana ɗagawa. Yadin yakan fito da wani kore-kore, sai iska ta doke shi ya riƙa juyewa shuɗi kana kallo, ya sake mayar da shi. Abin da ya fi ɗauke mini hankali hannuwansa ne, yadda yake murɗe yadin da wuyan hannu ba da yatsu ba. Na cika shafuka da hannun nan kawai. Da ya gaji da ganina ya ce, "Yaro, hannun nawa za ka saya ne?" Na ce, "Baba, aro nake yi."

Da na koma gida na fara fitar da zanen a takardar aiki, sai tawadata ta ƙare. Ɗan yayata yana zaune a wurina a lokacin, yana jiran sakamakon jarrabawar sakandare, shi ke wanke mini burusa yana feƙe fensir. Na ba shi kuɗi na ce ya je kantin kayan rubutu ya sayo baƙar tawada. Ban rubuta masa suna ba, ban ba shi tsohuwar kwalbar ya tafi da ita ba. Ya dawo ya tsaya a kaina ya ce, "Kawu, a duba ko ita ce." Ina kan waya. Na ɗaga ido na ga baƙi a kwalba, na yi masa alama da hannu ya ajiye.

Wannan kuskure ɗaya ke nan. Na biyu ya fi shi muni ta fuskar sana'a. Saboda ina son layin littafin ya zo iri ɗaya daga farko har ƙarshe, sai na yanke shawarar in gama sa tawada a dukkan shafukan tukuna, sannan in dawo in sa kala. Tawadar kuwa ta yi mini daɗi a hannu, tana gudu a bakin alƙalami ba gardama, har na ce a raina yaron nan ya iya sayayya. Wannan santsin kansa ya isa ya sa ni zargi, don tawada mai shalak tana da ɗan nauyi, tana bushewa a bakin alƙalami har sai ka riƙa gogewa. Ban tsaya na yi tunani ba. Dare bayan dare ina zane, har na kammala.

Ranar kala na fara da shafin marina, wanda na fi ji da shi. Na dama shuɗi mai duhu da ɗan jan ƙasa, na cika babban burushi, na ja shi a kan ruwan karofin. Kafin in kai ƙarshen layin, bakin ramin ya fara narkewa. Baƙin ya rabu gida-gida, don baƙar tawadar rini gamin launuka ce: shuɗi ya yi gaba, wani ja-ja mai kama da jinin kare ya biyo shi, rawaya-rawaya ta tsaya a gefe. Na yi saurin danna tsumma, abin ya ƙara bazuwa. Ruwan ya gangara ya taɓa hannun dattijon, hannun da na yi ta wahala a kansa, layukan suka zubo kamar kwalli a fuskar yarinyar da ta sha kuka.

Abin da na yi bayan nan shi ne dalilin wannan rubutu. Na ƙwala wa yaron kira. Yana zaure da abokansa, a gabansu na same shi. Na ce ya sayo mini jabun tawada, na ce ya je ya nemi mai araha don ya soke canjin a aljihu. Kalmar sata ban furta ta ba, amma duk wanda ke wurin ya ji ta. Bai ce uffan ba. Ya shiga ɗaki ya fito da rasit ya miƙo mini da hannu biyu. Kuɗin da na ba shi bai ma isa ba, shi ya cika da nasa. Na ɗauki kwalbar na karanta jikinta, karon farko ke nan. Tawada ce ta asali, mai kyau, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ta alƙalamin rubutu ce kuma tana wankuwa. Mai kantin bai cuci kowa ba. An ce masa baƙar tawada, ya ba da baƙar tawada.

Ko a nan ban sauko ba. Na ce ai da ya tambaya. Ya ce a hankali, "Na tambaya, Kawu." Da daddare uwarsa ta kira ni, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Kai dai ka san laifi tudu ne. In aiken ne ba ya iyawa, ka turo mini shi gida, amma kada ka sa masa sunan da ba nasa ba." Yayata ce, ita ta goye ni, ba ni da bakin mayar mata. Washegari na sa ya kirawo abokan nan nasa, tunda a gabansu na yi ɓarnar, na ce ni na yi kuskure, shi bai ci ko kwabo ba, na nemi ya yafe mini. Babba ya ba yaro haƙuri a bainar jama'a abu ne mai nauyi a wurinmu, kuma na ga yadda abin ya ba shi kunya fiye da ni. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Kawu." Amma ya ɗauki lokaci kafin ya sake zama kusa da teburina.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina, wannan ilimi tun makarantar allo na gan shi. Tawadar allo da gawayi ko baƙin tukunya ake yin ta, a haɗa da ƙaro, kuma da gangan aka yi ta don ta wanku: ka haddace, ka wanke, a yi maka sabon rubutu. Masu rubuta Alƙur'ani a takarda kuwa suna da wata dabam, wadda ake jiƙa 'ya'yan bagaruwa da ƙarfe, ta kama takarda ta zauna. Malamanmu ba sa haɗa su. Ƙaron nan kuma, wanda ake tsinka a jikin ɗakwara a Sudan da Chadi da arewacin Najeriya, shi ne dai abin da ke riƙe garin launi a cikin kalar ruwan da muke saye da tsada daga Turai. Shi ya sa kalar da ta bushe a faranti take sake narkewa in ka taɓa ta da ruwa. Ashe ko garin baƙi ne a tawada, in ƙaro ne ya riƙe shi, ruwa zai ɗaga shi. Abin duba shi ne me ya manne baƙin, ba yadda ya yi duhu a kwalba ba.

Na gwada ceto aikin. Na fesa maganin da ake fesa wa zanen gawayi don kada ya goge, sai takardar ta ƙi shan kala, ruwan ya riƙa tsayawa ɗigo-ɗigo. Na gwada zagaye layuka da siririn burushi ba tare da na taɓa su ba, zanen ya fito a ɗaure, kowane abu da farin zobe kewaye da shi. Daɗin kalar ruwa da alƙalami kuwa yana wurin da kalar ta ɗan tsallake layi, ko ta kasa kai masa. In ka hana ta wannan, gara ka ba yara littafin cike kala.

Babu makawa sai sake zane. A nan na ari dabarar Quentin Blake, Baturen Ingila da ya zana littattafan Roald Dahl. Shi yakan ɗora zanen gwaji a kan akwati mai fitila a ciki, ya shimfiɗa takardar kala a sama, ya zana da alƙalamin tsomawa da baƙar tawada mai jure ruwa. Ni gilashin tebur na samu, na sa fitilar caji a ƙarƙashi. Shafukan farko da na yi sun fito matattu, domin bin layin nake yi sawu da ƙafa, hannuna yana rawa don tsoron kaucewa. Blake ya yi bayanin cewa ba a son a ga na ƙasan sosai, ana son ya nuna maka inda abubuwa suke kawai, kai kuma ka zana kamar yau ka fara ganinsu. Sai na rage hasken fitilar, na daina kallon bakin alƙalami, na koma kallon inda layin zai je. Daga nan aikin ya fara numfashi.

Takarda ma ta ci kuɗi. Takardar kalar ruwa ta kirki auduga ce, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, alhali ta hoto-kwafi 80 ce ko ƙasa da haka, da ta ji ruwa sai ta kumbura ta yi tudu da kwari. Irin su Arches ta Faransa da Fabriano ta Italiya ba a kowane kanti ake samunsu a nan ba, sai an yi saƙo. Kuma tana da wani hali da ya kamata a sani: an shafe ta da wani danƙo don kada ta zuƙe kala nan take, saboda haka tawada a kanta take zama, ba ta nutsewa da wuri. Ko mai jure ruwan ce, in ka yi gaggawar bin ta da burushi, ko ka goge fensir da kilina kafin ta gama bushewa, za ta ja wutsiya. Har alƙaluman Pigma Micron, da kamfanin Sakura na Japan ya fito da su a 1982, waɗanda masu zane da yawa suka dogara da su, ina ba su lokaci kafin in kawo ruwa.

Yanzu kowace takarda na yanka, ina ware ƙyallenta. Kowace tawada ta shigo gidan nan, ko da irin wadda na saba ce, sai na ja layi siriri da mai kauri a ƙyallen, na yi ɗigo mai yawa a gefe, na bar shi ya bushe, sannan na bi shi da ruwa tsabtatacce, na kuma goga da ƙarfi fiye da yadda zan yi a aiki. Dole a kan takardar da za a yi aikin da ita, don tawadar da ta zauna lafiya a wata takarda tana iya zuba a wata. Kuma ba na sake sa tawada a littafi gaba ɗaya kafin kala. Shafi ɗaya nake kai wa ƙarshe, daga fensir har kala, in ga yadda kayan suka karɓi juna, sannan in ci gaba. Lokaci ma yana da ta cewa. Da hunturu danshin iska a Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, kala tana bushewa kafin ka dawo da burushi, ta bar maka kaifin baki a tsakiyar sararin sama. Da damina kuwa sai ka yi ta jira. Gwajin watan Janairu ba ya yi maka aikin watan Agusta.

Ban zubar da waccan kwalba ba, kuma ba na yarda a kira irinta tawadar banza. In za ka zauna a bakin kasuwa da alƙalami ɗaya da burushi ɗaya, babu kamarta: ka ja layin rumfa, ka taɓa gefensa da ruwa, inuwa ta fito da kanta, har da waɗannan launuka da suka ɓata mini shafin marina. Masu zane da yawa da gangan suke neman haka.

Littafin ya makara. Na gaya wa mai bugawar gaskiyar abin da ya faru, ta ce, "Malam, ai da ka ce wuta aka ɗauke da na fi ganewa," ta kuma rage wani abu a kuɗina, ban yi musu ba. Shafin marina da aka buga ya yi kyau daidai gwargwado, amma hannun dattijon a zanen farko ya fi rai, ban kuma iya maido shi ba. Ɗan yayata kuwa har yanzu yana zuwa hutu, yana ma zane da kansa. Sai dai in zan aike shi sayen kayan aiki, takarda da biro yake miƙo mini, ya tsaya sai na rubuta sunan abin da girmansa, ya karanta mini da ƙarfi na ce e, sannan ya karɓi kuɗin.