Kafin ka zaɓi tankin ruwan kwamfuta, tambayi famfonka



Duk wanda ya fara sha'awar haɗa wa kwamfutarsa na'urar sanyayawa ta ruwa da hannunsa, tanki ne ke fara ɗaukar idonsa. Shi ne a tsaye a bayan gilashi, shi fitilu ke haskawa, shi ake ɗauka a hoto. Shi ya sa tambayar da aka fi yi mana ita ce, "Wane tanki ne ya fi sanyaya inji?" Amsarmu ba ta cika yi wa mai tambaya daɗi ba: babu ko ɗaya. Tanki ba ya sanyaya komai. Yana da aikinsa dabam, kuma wanda bai gane aikin ba zai iya kashe kuɗi masu yawa ya ƙare da mataccen famfo.

Mu tuna yadda ruwan ke zagayawa. Famfo ne ke tura shi, ya bi ta tiyo ya shiga farantin jan ƙarfe da ke manne a kan furosesa, ya wuce na katin girafik, ya kwaso zafinsu, ya kai lagireto. A nan fankoki ke hura iska su fitar da zafin waje. Daga nan sai ruwan ya sauka tanki, ya sake faɗawa famfo. A duk zagayen nan, lagireto ne ƙofar da zafi ke fita.

Mun san inda ruɗanin ya samo asali. Mun tashi muna shan ruwan randa, mun saba cewa babbar randa ta fi riƙe sanyi. To amma randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na yumɓu yana tsattsafo, iska ta busar da danshin ta tafi da zafi. Tankin gilashi ko na roba a rufe yake ruf, ba ya gumi. Ga lissafi mai sauƙi. Giram ɗaya na ruwa yana buƙatar jul 4.18 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. A ce ka sayi tankin da ya fi na maƙwabcinka da kwatan lita, wato mililita 250. Kafin wannan ƙarin ruwan ya hau digiri 10, zai shanye jul 10,450. Kwamfutar da ke fitar da wat 400 tana zubo jul 400 kowace daƙiƙa. Ke nan duk abin da ƙarin ruwan zai shanye bai wuce zafin daƙiƙa 26 ba. Mai tace bidiyon biki da zai bar inji yana aiki awa uku, me daƙiƙa 26 za ta yi masa?

Wannan magana ta fi shafarmu fiye da waɗanda muke kallon bidiyonsu daga Jamus ko Kanada. Ruwan da ke zagaye ba zai taɓa yin sanyi ƙasa da iskar ɗakin ba. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi, zafin watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. Idan ɗakinka yana 35, ganin ruwanka a 45 ba abin mamaki ba ne, kuma iyakar da ake ba famfon D5 ita ce 60. Tazarar ba ta da yawa. Saboda haka idan akwai rarar kuɗi, a ƙara lagireto, a sayi fankoki masu kyau, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga jikinsa. Can sanyi yake.

To me ya sa muke sa tankin? Dalili uku ne.

Na farko, kuma mafi girma, shi ne ciyar da famfo. Kusan duk haɗin da ake yi a yau yana amfani da ɗaya daga cikin famfo biyu da kamfanin Laing ya ƙirƙiro, D5 da DDC. Dukkansu ba sa iya zuƙo ruwa da kansu idan cikinsu iska ce. Wanda ya taɓa noman rani ya san wannan: kafin ka tayar da injin ban-ruwa sai ka cika cikinsa da ruwa, in ba haka ba ya yi ta ƙara a banza. Na kwamfuta ya fi haka laushi, domin abin da ke juyawa a cikinsa yana zaune ne a kan 'yar ƙwallon tangaran, kuma ruwan da yake turawa shi ne man da ke hana ta gogewa. Ya yi gudu a bushe, ya fara cin kansa. Don haka ƙa'idar da ba ma sassautawa a kanta ita ce: tanki a sama, famfo a ƙasa, ruwa ya gangaro bakin famfo da nauyinsa. Sauran kayan ka jera su yadda tiyo ya fi sauƙin bi, bambancin ba shi da yawa. Wannan ɗaya kam ba a taɓa ta.

A wajenmu ƙa'idar ta ƙara nauyi saboda ɗauke wuta. Duk lokacin da famfo ya tsaya, iskar da ta rage a cikin zagayen tana taruwa ta hau sama. Idan famfonka ne a saman, da an dawo da wuta iska zai fara haɗiya. Kuma waɗannan kaya yawanci odarsu muke yi daga waje. Famfo ya mutu, inji ya kwanta makonni, aikin mutane yana hannunka.

Na biyu shi ne raba ruwa da iska. Sabon haɗi cike yake da kumfa, a lagireto da cikin farantai. Idan ruwa ya shigo tanki gudunsa yana raguwa, kumfar ta taso sama ta tsaya can. A nan ƙaramin tanki ke ba da wahala. D5 yana iya tura kusan lita 1,500 a awa idan babu abin da ya tare shi. Irin wannan ƙarfi a cikin ɗan gajeren tanki yana sa ruwa ya riƙa juyawa kamar guguwa, ya jawo iskar sama ya mayar da ita famfo. Kafin ka saya, duba ko akwai abin karya juyin a gindin tankin, ko ɗan faranti ko soso. Idan kuma ta sama ruwan zai dawo, a tabbata akwai bututun da ya nutsa cikin ruwan, don kada ya riƙa zubowa yana kaɗa kumfa.

Na uku shi ne cikawa da lura. Ruwa yana raguwa a hankali, musamman ta jikin tiyo mai laushi, kuma da ido kake gane lokacin ƙari. Tankin da murfinsa ya maƙale a ƙarƙashin lagireton sama, har sai ka kwance rabin inji kafin ka zuba ruwa, ba za ka riƙa kula da shi ba. Auna wurin da rula kafin ka biya kuɗi, ka haɗa da tsawon famfo da ƙafafunsa, ka bar sararin shigar mazurari.

Game da nau'i, ga abin da muka gani. Dogon tanki mai kamar kwalba wanda famfo ke ɗaure a gindinsa shi muke ba kowane sabon shiga shawara, domin ya kashe maganar sama da ƙasa tun daga masana'anta. Akwai tsohon yayi da ake zurawa a gurbin faifan CD mai inci 5.25, amma yawancin akwatunan yanzu ba su da gurbin. Akwai kuma faffaɗan faranti mai hanyoyin ruwa a ciki, wanda ya yi tashe tare da akwatuna irin Lian Li O11 Dynamic da ya fito a 2018. Yana da kyau ƙwarai, yana rage lanƙwasa tiyo, sai dai yawanci don akwati ɗaya ake yanka shi. Ka canza akwati, ka bar shi. Mu da muke haɗa inji da kaɗan-kaɗan, muna sayar da wannan mu sayi wancan, wannan abin dubawa ne.

Tsakanin famfon biyu, D5 ya fi girma, ya fi shiru, kuma ruwan da yake turawa ke ɗauke masa zafi. DDC ƙarami ne, ya fi ƙarfin turawa ta matsattsun hanyoyi, amma gindinsa yana zafi har ana sa masa ƙarfen sanyaya. A ɗaki mai zafi, in akwai wuri, D5 muke ɗauka. A lura, tankin da aka yi don ɗaya ba ya karɓar ɗayan.

Sai jikin tankin. Akirilik ya fi araha kuma yana da haske, amma yana tsagewa idan aka murɗa mahaɗi da ƙarfi, kuma sinadarin sifirit yana sa shi darewa, don haka kada a goge shi da shi. Hannu ya isa wajen ɗaurewa, zoben roba ne ke hana yoyo, a ajiye filaya. Gilashin borosiliket, irin wanda Watercool da Aqua Computer na Jamus ke amfani da shi, ba ya saurin karcewa kuma launin ruwa ba ya kama shi, sai dai nauyi da tsada. Baƙin asetal da ake yin murfi da gindi da shi ya fi akirilik jure murɗi. Kusan duk ramukan mahaɗi girmansu ɗaya ne, G1/4, don haka tankin EK zai karɓi mahaɗin Barrow ko Bykski. A ƙirga ramukan dai: na shiga, na fita, na cikawa, da wanda za a sa bakin zubarwa a wuri mafi ƙasa.

Abin da za a zuba ma yana cikin zaɓin. Kada a haɗa alminiyam da jan ƙarfe a zagaye ɗaya, ruwa zai sa alminiyam ɗin ya ciwu. Kada a zuba ruwan rijiya, na burtsatse ko fiyawata, gishirin cikinsu zai toshe siraran hanyoyin faranti. Tataccen ruwa ake so, da maganin hana gansakuka, ko ruwan da aka haɗa musamman don wannan aiki. Wanda zai nema wajen masu batir ya yi bayani sosai, domin "ruwan batir" a bakin wasu asid ne. Kada a cika tanki fal, a bar ɗan sarari a sama saboda ruwa yana kumbura in ya ji zafi. Kafin a ba sauran kayan wuta, a kunna famfo shi kaɗai na tsawon yini, a shimfiɗa farin tishu ƙarƙashin kowane mahaɗi.

In an tambaye mu a taƙaice, matsakaicin tanki mai haɗe da famfo, wanda ya shiga akwatinka ba tare da dole ba, wanda hannunka ke kaiwa murfinsa, ya wadatar. Fitila ba laifi ba ce, mu ma muna son abu mai kyau. A dai fara da famfo, ado ya biyo baya.

Masu DDC a cikinmu, musamman na garuruwa masu zafi, muna son jin yadda naku ya yi a bazarar da ta wuce. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mana kayanmu daga yoyo.