Sifinjar Baba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara, wasu kuma motar langalanga ko ta gwangwani. Mu ma Hausawan Shuwak, garin da ke bakin kogin Atbara a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, da ita muka girma. Idan an girbe dawa sai mu tara kara, mu fere ɓawonsa, mu yanka totuwar, mu haɗa da ƙaya. Tayoyi kuwa daga tsohon silifa muke yanko su. Kuma mota ɗaya kowane yaro yake kwaikwayo, wato Sifinja.

Sifinja a Larabcin Sudan silifan soso ne. Shi ne kuma sunan da direbobi suka laƙaba wa babbar motar nan mai dogon hanci, Bedford TJ, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, saboda taushinta a kan hanya. Kenan mu yara muna yanka sifinja mu yi wa Sifinja ƙafa. Mahaifina ya shafe sama da shekara 20 yana tuƙa irinta, yana jigilar riɗi da dawa tsakanin ƙauyuka da kasuwar Gadarif, wani lokaci har Kasala. Ina gab da gama sakandare ya sayar da ita. Tun daga ranar bai sake ambatonta ba, mu ma muka ja bakinmu.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023, aikina na rediyo ya tsaya, na dawo gida da jaka ɗaya. Na tarar da Baba yana ta ci masa ido, ya zama mai yawan shiru, daga tabarma sai masallaci. Ni kuma mutumin da ya saba surutu a gaban makirufo, ga ni zaune ba mai saurare. A cikin wannan zaman ne Inna ta zaro mini wani kwali daga ƙarƙashin gadonta, tsarabar da wani ɗan'uwanmu ya aiko mini daga Jidda shekarun baya, na ajiye na manta.

Ƙaramar Bedford ce ta roba, gunduwa-gunduwa, wadda mutum zai haɗa da kansa. An rubuta 1:24 a jikin kwalin, ma'ana kowace santimita ɗaya a jikinta tana matsayin santimita 24 a jikin motar gaske. A Turai da Japan wannan abin sha'awa ne na manya, kamfanoni irin su Airfix da Tamiya da Revell da shi suka yi suna. Na yi mako uku ina fama: in yanke gunduwa da reza, in goge bakinta, in ɗiga gam da tsinken sakace, in jira ya bushe. Na bi takardar bayanin tiryan-tiryan. Da na gama na shafa fenti, sai na ɗauka da rawar jiki na kai wa Baba.

Ya karɓa ya dinga shafawa da yatsu, tun daga hanci har baya, ya juya cikinta. Can sai ya miƙo mini.

"Ta yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma wannan ta Bature ce, ba tawa ba."

Raina ya sosu. Na ce, "Baba, ai haka kamfani ya ƙera ta."

Ya ce, "Kamfani ya taɓa shiga laka da damina? Ƙirga mini sifirin ɗin baya."

Na ƙirga na faɗa masa. Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce wannan ko buhu 20 aka ɗora mata sai ta durƙusa.

Gaskiyarsa. Bedford da ta sauka daga jirgin ruwa ba ita ce ke yawo a hanyoyinmu ba. Maƙera da makanikan Sudan kan warware ta, su ƙarfafa shasi, su ƙara ganyen sifirin, su ƙera mata dogon bodi na ƙarfe, har ta ɗauki kayan da ya zarce abin da masu ita suka tsara. Dalilin da ya sa ta rayu a nan shekaru da dama bayan an daina ƙera ta kenan. Har fim wata Bajamushiya, Valerie Hänsch, ta yi a kan waɗannan maƙera a 2009.

Washegari na ɓalle bodin da na sha wahalar haɗawa. Baba ya zama injiniya, ni yaron shago. Na yanka gwangwanin madara siri-siri na jera sifirin. Na lanƙwasa wayar tayar keke na yi ƙarafan bodi. Ya ce ina salkar ruwa da ake ratayawa a gefe? Na ɗinka ta da guntun fata. Ya ce ina wurin zaman yaron mota a saman kai? Ina ƙarafan da ake shimfiɗa wa taya idan ta kafe? Kowane abu da na ƙara sai ya shafa, sai labari ya biyo baya: daren da suka kwana uku a laka suna cin dafaffiyar dawa, da matar da ta haihu a kan buhunan riɗi kafin su isa asibiti. Na ɗauko waya na fara naɗar muryarsa. Na yi hira da ɗaruruwan baƙi a rediyo, amma ban taɓa yi wa mahaifina tambaya ɗaya ba.

A daren da muka gama ne na yi ƙarfin hali. "Baba, me ya sa ka sayar da ita?"

Ya yi shiru, yana murza ƙaramar tayar da ɗan yatsa. "Da me kake tsammani aka biya kuɗin karatun jaridar taka?"

Ashe shekara da shekaru ina ta zuba a rediyo da muryar da aka saya mini da Sifinja. Na rasa ta cewa. Shi kuwa ya wuce wurin kamar bai faɗi komai ba, ya ce launin da na shafa wa ƙofa ya yi duhu, Inna ta gaya masa.

Yanzu motar tana kan taga kusa da shimfiɗarsa. Ba ta yi kama da hoton kwalin ba ko kaɗan: gam ya yi tabo, bodi ya ɗan karkace. Yaran unguwa kan leƙo su kalla, su koma su fere kara. Jiya ɗaya ya zo yana tambayar ganyen sifirin nawa ake sawa. Na ce ya shiga ya gaida Baba, ya tambaye shi da kansa. Har aka kira magariba suna ciki.