Gani Biyu-biyu Bayan Buguwar Kai

Da yawa daga cikin waɗanda suka faɗi daga kan babur ba hular kwano sukan tashi raunin kansu ya warke, amma su riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu, alhali ƙwayar idon lafiyarta ƙalau. Lahanin yana can cikin ƙoƙon kai, inda jijiyoyi uku, wato ta 3 da ta 4 da ta 6 cikin jerin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, suke sarrafa tsokoki shida masu juya kowane ido.

Jijiya ta 4 ita ce mafi siranta, kuma ita kaɗai ke fitowa ta bayan tushen ƙwaƙwalwa, shi ya sa buguwar da ba ta taka kara ta karya ba ma kan iya taɓa ta. Mai wannan larura yakan ga hoto ɗaya a saman ɗaya, musamman idan ya sunkuyar da ido zai yi karatu ko zai sauko daga bene, sai a gan shi yana karkata kai wajen kafaɗar da ke ɗaya ɓangaren don hotunan su haɗu, iyalinsa kuwa su ɗauka wuyansa ne ya sage. Idan ta 6 ce, idon kan karkato wajen hanci. Ta 3 ta fi ban tsoro, domin fatar ido kan rufe, kuma idan ɗigon tsakiyar baƙin ido ya buɗe jim kaɗan bayan hatsari, yana iya zama alamar jini ya taru yana danne ƙwaƙwalwa, abin da ke buƙatar asibiti a wannan sa'ar.

Warkewa tana tafiya a hankali, don haka likitoci sukan jira wata 6 zuwa 12 kafin su yanke shawarar yin tiyata a tsokokin ido, suna auna karkatar lokaci-lokaci. A tsakanin nan akan rufe ido ɗaya, ko a liƙa wa tabarau wata siririyar roba mai lanƙwasa haske. Abin takaici shi ne a cikin wannan jira ne wasu ke gajiya su koma ɗiga magungunan gargajiya a ido, waɗanda ba sa kaiwa ga jijiyar, sai dai su jawo gyambo a idon da tun farko ba shi da ciwo.