Filinge: Sanin Icce Kafin Sayen Turmi

Filinge babban garin ƙasar Kurfai ne. Yana bakin Dallol Boso, wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Cikin kwarin ruwa ba ya da nisa, shi ya sa gawo da goriba da aduwa suke tsaye cikin gonaki. Bisa tudu kuwa sai sabara da geza.

Ran Lahadi kasuwa take ci. Ban da dabbobi da hatsi, akwai kayan masassaƙa: turmi, taɓarya, akushi da ƙotar gatari. A nan wanda bai san icce ba yake asarar kuɗinsa.

Kowane icce da aikinsa. Ƙirya ita ce sarauniyar turmi. Tana da nauyi, cikinta ja ne mai duhu, gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma sai an yi kudu ake samun ta da yawa. Aduwa ta dace da ƙota da allo. Ɗanya ba ta gardama da gizago, da ita ake akushi. Gawo kuwa ƙwari suna saurin cin shi. Amfaninsa yana gona: inuwa, taki da abincin bisashe.

Mai saye ya duba abu huɗu. Na ɗaya, launi: jan ciki ya fi farin baya ƙarko. Na biyu, ƙara: a ƙwanƙwasa, busasshen icce yana amsawa sarai, ɗanye kuwa muryarsa a dushe take, kuma zai tsage in hunturu ya busa. Na uku, ƙananan ramuka masu zubar da gari: ƙwaro ya riga ya shiga. Na huɗu, a shinshina: warin ruɓa ko tsami alamar icce ya sha ruwa ne. A kuma leƙa gindi, kada a ce an toshe tsaga da ƙaro.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa a Kurfai. Dokar daji ta 2004 ta hana sare itatuwan da aka kare sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Turmi mai kyau yakan yi shekaru yana aiki, marar kyau kuwa sai a sake sare wani icce. Arha ba ta ado.